Tukuɗin da Muka Ƙulle a Kallabi

Ni dai kowa a unguwarmu ya san bakina. In gardamar siyasa ta tashi a gidan biki, to a gyara mini tabarma, don ba na tashi sai na ga abin da ya ture wa Buzu naɗi. Shekara da shekaru ni ce mai tara mata in jam'iyyarmu za ta yi taro a Gure. Na san gidan da zan yi sallama sau ɗaya mata biyar su fito, na san wadda sai an lallashe ta, na san wadda ba ta motsi sai an ce mata maƙwabciyarta ta riga ta tafi. Da aka wayi gari masu kaki sun hau kujera a Yamai, aka ce kowace jam'iyya ta naɗe tutarta, sai na ji kamar an kwance mini zane a kasuwa. Ban kuwa ɓoye ba. A bakin famfo na faɗa, a gidan suna na faɗa: ni akwatin zaɓe na sani, soja kuwa wurinsa bariki.

Yayata, wadda nake bi, uwa ɗaya uba ɗaya, ita murna ta yi. Ta ce mu 'yan jam'iyya me muka tsinana wa talaka ban da rabon atamfa da shinkafa. Na ce atamfar ai ta ɗaura, shinkafar kuma ta ci har da ƙari. Wannan duk a gaban mutane, a sunan jikar maƙwabciyarmu. Magana ta yi tsami, shaiɗan ya hau kaina, na ce don ɗanta na sanye da kaki ne take ganin kowane mai kaki waliyyi. Ta tashi ta nemi takalmanta ta fita. Tsakanin gidana da nata gida uku ne, amma damina guda ta shige ban taka zaurenta ba.

Abin da ya sa maganar ta yi mata zafi shi ne yaron ɗanta ne na fari, Yaya kuwa irin matan da ce masu kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Da aka yaye shi aka kai shi wurin mahaifiyarmu, lokacin ina budurwa, ni na goye shi, ni na yi masa wanka, ni na ja shi lakwal, wato makarantar boko, ranar farko yana ihu yana cizon hannuna. Shi ya sa ni yake ce wa Inna, ita kuwa Yaya yake ce mata, yadda ya ji muna faɗa. Ko da ya girma ya shiga soja, in ya zo hutu ya durƙusa gaishe ta, kau da kai take yi ta amsa wa bango. In za ta ba shi abinci sai ta ce da ƙannensa, "A miƙa wa wancan."

Aka tura shi gabas, can bayan Difa wajen tafki, inda rezo, wato layin waya, sai an yi sa'a. Da can ni yake kira. In mun gama sai in saɓa mayafi in je tsakar gidanta, in zauna ina ba ƙannensa labari da ƙarfi, ita tana gefe tana wanke-wanke kamar ba ta ji. Ta haka take sanin yana raye. Da muka ɓata, wannan hanya ta toshe. Sai kuma kiran ma ya ɗauke gaba ɗaya, wata huɗu ban ji muryarsa ba.

Ran nan da hantsi ina tankaɗe sai na ji sallama. Na ɗaga kai, Yaya ce tsaye cikin hijabinta mai ruwan toka. Na ɗauka mummunan labari ne ya zo.

"Lafiya, Yaya?"

"Lafiya lau. An ce kamyon-kamyon, manyan motocin nan na soja, za su wuce ta nan Asabar ta sama, za su kai kaya gabas." Ta kalli rariyar hannuna. "Na ce da mata za su haɗu a daka musu guzuri. 'Ya'yan mutane ne, suna can daji. Ni ban iya tara mutane ba, ke kika iya."

Kai, sai na ji abin ya taso mini. Na ajiye rariya na ce, "Ni? Ni 'yar rabon atamfa? Je ki gaya wa masu mulkin naku su ɗauki taɓarya su daka musu mana!"

Duk da haka ba ta tafi ba. A nan na dube ta sosai. Yaya ta rame, idanun sun faɗa, zoben azurfar da ke yatsarta har ya yi mata yawa ta naɗa masa zare. Labarin zuciya a tambayi fuska. Sai na gane abin da ya kawo ta. Ba za ta iya ɗaukar ƙulli guda ta ce a kai wa ɗanta ba, bakinta ba zai iya ba. Shi ne ta zauna ta yi lissafinta: a ciyar da rundunar gaba ɗaya, ko baki ɗaya da take so zai samu loma.

Na ce, "Yaya, wane sojan ne kike so ya ci?"

Ta ce, "Duka."

"Duka dai?"

"Na ce miki duka."

Hawaye ya cika mini ido, na wayance da cewa gari ne ya shiga. Na ce zan yi, amma ta sani ra'ayina yana nan daram, ba don masu kujera zan yi ba. Ta ce ita ba ta ce in canja ba, turmi ta ce in tara.

Wallahi ranar ban ko gama tankaɗen ba. Na ɗaura ɗamara na shiga gida-gida kamar lokacin zaɓe, ƙafafuna har ƙaiƙayi suke yi, ashe kewar aikin ce ke cina ban sani ba. Matan jam'iyyarmu suka yi mini ca. Wata ta ce, "Ke ma kin bi ke nan? An saye ki?" Na ce da ita, "Ke, rufe mini baki! Wanda ke kan kujera a Yamai shi zai dama tukuɗi a gindin kargo? Waɗanda ke kwance a rami can gabas 'ya'yan manoman Bune ne da makiyayan Kelle, uwar wani tamu ce, uwar wani tasu ce. Mu yi faɗanmu da manya, amma yunwar yaran nan ba ta san jam'iyya ba." Wasu suka taɓe baki, amma washegari na gan su da kwanukan gero.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce matar mai shagon bakin tasha, 'yar Damagaram, wadda ke tara mata wa ɗaya jam'iyyar. Ni da ita mun yi shekara ashirin muna ƙwace wa juna mata. Ina shiga ta ce, "Ah, yau kura ce a gidan akuya?" Ina gama bayani ta miƙe ta ce matanta za su ninka nawa. Na ce mu gani a ƙasa.

Akwai wani tsohon soja maƙwabcin Yaya, shi ya je bariki da meri, wato ofishin magajin gari, ya nemo mana izini. Ya dawo da amsa: an yarda, amma busasshen abinci kawai, na kowa da kowa, kada a rubuta sunan kowa a jiki. Motocin za su tsaya a filin bakin gudron, babban titin kwalta, su yi azahar su ɗebi ruwa, daga nan sai gabas. Da ya kai wurin "kada a rubuta suna" na saci kallon Yaya, na ga ta gyaɗa kai kamar dama haka take so.

Na kafa doka ɗaya, kada wadda ta kawo mini kuɗi, don na san abin da kuɗi ke yi wa taron mata. A kawo abin dakawa. Sai ga gero daga Bune a bayan amalanke. Sai ga dabino daga kwarurukan wajen Gidigir, wata ƙanwar mijina ce ta aiko. Matan Kelle masu kawo cuku kasuwa da suka ji labari, suka juye mana abin da suka zo da shi suka koma da faifai wayam. Muka tsayar da magana a kan tukuɗi, don shi ne guzurin matafiyi tun kakanni: gero surfaffe a wanke a shanya ya bushe ƙayau, a daka shi da dabino da cuku da citta da kanumfari da ɗan barkono. Yana wata da watanni bai lalace ba. Mutum ya sami ruwa ya dama, ya sha, ya wuni bai nemi komai ba.

Kwana uku muna daka a gidan Yaya. Turame sun cika tsakar gida har zaure, ƙarar lugude kuwa ana jin ta daga masallacin Juma'a. Kai, na yi shekaru ban ga irin wannan ba! Matar da ba ta gaida wata tun zaɓen da ya wuce, ga su a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga waccan ta sauke. Ana daka ana habaici. Matan mai shago su rera cewa ɗan takararmu ko kujerar aski ba zai samu ba, namu su mayar cewa nasu sai an ɗaga shi yake hawa jaki. A yi dariya har a saki taɓarya. Ni kuwa ina zagayawa ina ihu, muryata ta dushe tun rana ta biyu, amma ban fasa ba.

Yaya ita ce mai ɗanɗano. Kowane turmi sai ta lakata ta sa a harshe kafin a kwashe. A wani turmi ta ɗanɗana ta yamutsa fuska ta ce, "Ku ƙara dabino, yana son…" Sai ta haɗiye sauran. Ta gyara murya ta ce, "Suna son zaƙi, yaran yanzu." Babu wadda ta ɗaga kai. Kowa ta ji, kowa ta san wa ake nufi, aka ƙara dabino har ya yi yawa.

Ana wata ga wata. Da yammacin rana ta uku muka zuba tukuɗin a ledoji muka ƙulle, aka fitar da ɗaya zaure a nuna wa tsohon soja. Ya ɗaga ta daidai ƙirjinsa ya saki. Fus! Gari ya watse a ƙasa. Ya ce in mota ta bar gudron ta faɗa rairayi da gargada, ko leda ɗaya ba za ta kai ba, sai an naɗe kowace a tsumma mai ƙarfi. Ya faɗi haka ya tafi abinsa, don washegari zai yi asubancin zuwa Damagaram.

A nan ne na tafka ta. Na ce tsumma ai ba abin nema ba ne, ina da akwati guda cike da atamfar jam'iyya wadda ba a kai ga rabawa ba. To, wanda ba ɗan nan ba zai ce ina hankalinmu ya tafi. Mu a wurinmu atamfar jam'iyya in zaɓe ya wuce ta zama tsumma. Da ita muke goyo, da ita muke gammo, da ita muke rufe bakin tulu, fuskar ɗan takara a kife a kan ruwa babu mai kulawa. Amma zan faɗi gaskiya tsakanina da Allah, akwai ɗan ƙeta a raina. Na so a ce ko a dajin gabas an ga fuskar namu.

Matar mai shago tana ganin na shigo da nawa ta ce, "Lallai ma! Wato guzurin naku ne ku kaɗai?" Ta fita da gudu, ta dawo da nata a ka. Sai wata 'yar jam'iyya ta uku ta ce su ma ba a bar su a baya ba. Kafin ka ce kwabo tsakar gida ta cika da fuskoki, mai hula, mai rawani, mai tabarau. Muna yagawa ƙyat-ƙyat muna shewa, kowa na ƙoƙarin launinsu ya fi yawa. Na ji Yaya ta ce, "Anya kuwa?" Amma wa zai saurare ta a cikin wannan hayaniya? Muka jera ƙulle-ƙullen a manyan baho da kwanduna na aro, muka rufe da tabarmi.

Ranar Asabar tun da safe na yi wanka na ci ado, na ɗaura sabon kallabina wanda aka kawo mini daga Kano, na sa hijabi a sama. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ƙanwar mijina ta kira daga Gidigir tana haki: "Ga su nan sun wuce! Ba su da iyaka!" Na yi kururuwa, aka ɗora kaya a amalanke uku, muka bi su a baya, mata zuga guda, rana na dukan mu babu mai ji.

Da muka hango su daga yamma, ƙasa har rawa take yi. Kamyon bayan kamyon, an lulluɓe su da tamfol, yara samari a sama riƙe da bindigogi, fuskokinsu duk sun yi fari da ƙura. Mata suka ɗauki guɗa. Ina cikin kallo sai na ji wata guɗa ta fi ta kowa ƙarfi a kusa da kunnena, ashe daga bakina take fita. Ni da na rantse ba zan taɓa tafa wa kaki ba! Amma da na ga wuyansu siri-siri da leɓunansu a bushe, wallahi ba kaki na gani ba, yaron da na goya na gani a kan kowace mota.

Shugabansu wani kapiten ne, saurayi dogo, bai fi sa'ar ɗan Yaya da yawa ba. Ya sauko ya cire hula ya rusuna ya ce, "Iyayena, sannunku da ƙoƙari. An gaya mini, amma ban ɗauka abin ya kai haka ba." Na ji kaina ya yi girma. Na yaye tabarmar bahon farko da hannuna.

Ya ɗauki ƙulli ɗaya. Ido ɗaya da rabin gemun ɗan takararmu na kallon sa. Ya ajiye ya ɗauki wani, sai ga tabarau ɗin ɗan takarar su matar mai shago. Ya buɗe kwando na biyu, na uku. Murmushin ya bar fuskarsa.

Ya ce, "Iyayena, ku gafarce ni. Ba zan iya ɗora wannan a mota ba."

Na ce, "Kamar yaya? Tsumma ne fa! Tukuɗin za su sha ko atamfar?"

Ya ce, "Na sani, Hajiya, wallahi na sani. Amma soja ba shi da jam'iyya. Yaro ɗaya ya ɗauki hoto da wannan a hannunsa ya shiga waya, ba ku za a tambaya ba, ni da shi za a tambaya. Ba zan jefa yarana a wannan ba."

Na so in yi masa irin tawa, amma gaskiya ya faɗa. Wata ta ce a juya tsumman ciki ya koma waje. Aka kwance ɗaya aka juya, sai ga fuskar nan ta leƙo ta baya sarai, don atamfa ba ta da baya. Wata ta ce a ɗora bahon yadda suke a cire tsumman. Kapiten ya ce babu wurin baho, sai dai a cusa ƙulli-ƙulli a tsakanin akwatunan ƙarfe, kuma leda tsirara a wurin ba za ta kai Gudumariya ba. Kasuwa tana can ɗaya gefen gari, ba ranarta ba ce, masu shaguna kuma sun rufe sun tafi masallaci. Ya dubi agogo ya ce da an sallame azahar za su tashi, dole su isa masauki da sauran rana.

Sojoji suka yi alwala suka ja sahu a kan rairayi. Mu kuwa sai faɗa ya kaure. Matar mai shago ta ce ni na fara. Na ce da ba ta kawo nata ba da na ji maganar Yaya na fasa, ƙarya nake yi kuma na sani. Murya ta hau murya, har an fara nuna juna da yatsa. Gumin mata na kwana uku, geron mutane, cukun matan Kelle, duk na kashe su da son a sani. Fiye da komai ban iya ko juyawa in dubi Yaya ba.

Da na daure na juya, sai na ga ta durƙusa a gaban baho. Ta tura hannu ƙarƙashin hijabinta tana kwance wani abu. Yaya fa, wadda ko a ɗakinta ban taɓa ganin kanta babu ɗauri ba, wadda in kallabinta ya zame a gaban mata 'yan uwanta sai ta yi salati. A bakin gudron, da rana tsaka, maza cike da fili. Ta zaro kallabinta, wani tsoho mai ruwan ƙasa da ya koɗe a gefe. Ta shimfiɗa shi a ƙasa, ta kwance ƙulli huɗu ta jefar da tsumman, ta jera ledojin a ciki, ta haɗa kusurwa da kusurwa ta ɗaure tam. Ba ta dubi kowa ba ta ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ban san lokacin da na daka tsalle ba. Da dusasshiyar muryar nan na ƙwala, "Mata! Kallabi! Kowa ta cire!"

Tirƙashi! Zo ka ga hannaye suna shigewa ƙarƙashin hijabi. Masu mayafi suka cije bakin mayafin da haƙori kada ya zame, suna zaro ɗankwali ta baya. Ni da na taɓa nawa sai da zuciyata ta ce wayyo, sau ɗaya tak na ɗaura shi, amma na fizge na shimfiɗa. Matar mai shago tana gefena, ita ke kwancewa ni ke ɗaurewa, ta ce, "Yi sauri, 'yar hamayya!" Na ce, "Miƙo, uwar 'yan ci!" Muna yi muna dariya muna kallon sahu. An yi raka'a ɗaya. An yi biyu. Kallabi ya ƙare, ga baho biyu ba a taɓa ba.

Na ruga bakin hanya wurin masu tuyar awara da ƙosai. Ban ma gama bayani ba suka cire nasu, suka yafa gefen zane a ka. Wata motar fasinja mai zuwa Difa ta tsaya shan mai, matan ciki suka leƙo suna tambayar me ake yi. Aka gaya musu, sai ga ɗankwali na fitowa ta tagogi, har da wata tsohuwa Babarbariya da ba ta jin Hausa sosai, ta jefo nata tana ɗaga hannu sama tana addu'a da yarensu. Muna ɗaure na ƙarshe muka ji liman ya yi sallama.

Kapiten ya dawo yana karkaɗe rairayi daga goshinsa, ya tsaya cak. Ga tulin ƙulle-ƙulle ja da kore da shuɗi da mai zaiba, ga kuma tsummokaran jam'iyyu can gefe a cakuɗe, awaki na sansana su. Ya dube mu, kowa ta riƙe hijabinta a haɓa don iska. Sai ya haɗa ƙafa ya sara mana. Mata suka ɓarke da guɗa har direbobi suka shiga danna oda.

Aka yi layi ana miƙawa hannu da hannu. Yaya ta rungume nata a ƙirji, ta ƙi sakewa har aka zo ƙarshe. Na ga tana kallon kapiten, leɓenta na motsi, maganar ta ƙi fita. Sai na matsa na ce, "Ɗana, ina da yaro a can wajen tafki." Na faɗi sunansa da inda aka ajiye shi. Ya ce ba zai yi mini alkawarin hannu da hannu ba, amma motocin nan babu sansanin da ba za su taka ba. Yaya ta miƙa ƙullinta ga wani soja da ke kan mota ta ce, "Allah ya tsare ku duka." Muka tsaya har motar ƙarshe ta ɓace.

A hanyar komawa gida muka dasa gardamarmu daga inda muka tsaya. Ta ce na ga yadda soja ke da ladabi, na ce ladabi daban, mulki daban. Muka yi ta yi har ƙofar gidanta, na shiga na sha ruwa na ci gaba. Mijina da ya gan ni kai babu ɗauri ya ce ya ji an ce na ba soja kallabi, saura in ba su ƙuri'a. Na ce ya jira har mahadi ya bayyana.

Daga nan sai jira. Kullum da la'asar nakan ɗauki wayata in je gidan Yaya in zauna. Ba ta taɓa tambaya ta ko an kira ba, amma duk sanda wayar ta yi ƙara sai hannunta ya tsaya a kan abin da take yi. Mako ɗaya, biyu, uku. Na fara jin tsoro, na daina ma yi mata gardama.

A mako na huɗu, ina zaune tana tsintar shinkafa ta ba ni baya, saƙon murya ya shigo daga lambar da ban sani ba. Na danna. Iska na bugun wayar, sai ga muryarsa.

"Inna, ina wuni. Ni ne. Wayata ta lalace, ta abokina na ara, mun hau tudu muka sami rezo. Lafiyata ƙalau. Inna, guzuri ya iso, an ba mu labarin abin da kuka yi a bakin gudron, yara har kuka suka yi. An ce ke ce kika fi kowa guɗa, na ce a sake dubawa, ba Innata ba ce." Ya yi dariya, sannan ya ci gaba. "Da aka zube kayan na ga wani kallabi da na sani, na riga kowa ɗauka. Yana wurina. Ki ce wa mai shi na sha, na ƙoshi."

Ni kam na fashe da kuka, ina yi ina hamdala da ƙarfi har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Yaya ba ta juyo ba. Tana nan zaune da faifai a cinya, hannunta cikin shinkafa, ba ya motsi.

Na share fuska na ce, "Yaya, kin ji saƙo."

Ta ce, "Wa ya tambaye shi?"

Ta ɗauki tsakuwa ɗaya ta jefar. Ta ɗauki wata, na ga ƙwayar shinkafa ce, ita ma ta jefar. Can, ba tare da ta waiwayo ba, ta ce da wata murya da ban san ta da ita ba, "Wayar nan taki ba ta da ƙara. Matso da ita nan, ki sake kunnawa."